Kaset biyu da ruwa ya bar mini

Ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002, da yamma lis, ina zaune a tsakar gidanmu da ke Agege ina tsintar shinkafa a faranti, sai muka ji wata ƙara da ta girgiza kwanon rufin ɗaki. Kafin mu yi salati mu gama ta biyu ta biyo baya, sannan ta uku, daga nan kuma ƙirga ta gagara. Layinmu ya cika maƙil da mutane, wasu ba takalmi, wasu riƙe da yara bibbiyu. Wannan na cewa juyin mulki ne, wancan na cewa yaƙi ne ya shigo Legas. Mahaifiyata ta saɓa autanmu a baya, ta fizgi mayafi, ta ce mu fita mu bi jama'a.

Kakana na wajen uba, wanda muke kira Baba Tsoho, yana kan buzunsa a ƙofar ɗaki da carbi a hannu. Ko motsi bai yi ba. Ya ɗaga hannu kawai ya ce, "Kada wanda ya fita." Ya karkata kai kamar mai sauraron kiran salla daga wata unguwa, ya daɗe a haka, sannan ya ce, "Wannan ba igwar abokan gaba ba ce. Igwa tana da tsari, a harba, a dakata, a sake harbawa. Wannan rumbun harsashi ne ya kama wuta, a wuri ɗaya yake tashi. Gudun nan ya fi wutar haɗari." Mahaifiyata, da ko ido ba ta iya haɗawa da shi saboda surukuta, ta kwance goyo ta zauna. Muka kwana a tsakar gida, sararin sama ja wur ta wajen Ikeja.

Washegari muka ji cewa ma'ajiyar makamai ta barikin soja na Ikeja ce ta fashe. Fiye da mutum 1,000 suka rasu, kuma mafi yawansu ba wuta ce ta cinye su ba. Gudu suka yi cikin duhu suka afka magudanar ruwa ta Oke-Afa, wadda ciyawa ta lulluɓe ta har ta yi kama da fili. Allah ya jiƙansu.

Ni dai tambaya ɗaya ta tsaya mini a rai. Mutumin da na sani yana zaune gaban huhun goro tun ina rarrafe, yana yayyafa wa ganye ruwa yana ware daushe da sabo, a ina ya san muryar igwa? Mun san ya taɓa yin soja, amma sani irin na tabon da ke jikin mutum, kana ganinsa kullum ba ka tambayar abin da ya kawo shi. Da na kai masa kunu da daddare sai na tambaye shi. Ya yi murmushi ya ce, "Amarya, a Bama na koya." Haka yake kirana saboda wasan jika da kaka. Na ɗauka Bama ta Barno yake nufi. Ya ce a'a, wata Bama ce da ke bayan Indiya, wadda sai ka yi makonni a kan teku kafin ka taka ƙasarta. Ita ce Burma, da ake kira Myanmar yanzu.

Shekarata 18 a lokacin. Yayana yana da wata rikoda mai cin batir shida, na roƙe shi ya ara mini, na sayo kaset mai minti casa'in da kuɗin kitson da nake yi wa yaran layi. Baba Tsoho ya fara da ƙi. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, tone-tone kaza ke yi ta tono wuƙar yanka kanta. Na yi ta naci wajen wata guda. Da ya amince sai ya kafa sharaɗi biyu: sai bayan la'asar, kuma ba mai zama a wurin sai ni, musamman mahaifina. A cikin shekara biyu muka cika kaset tara.

Daga wani ƙauye na ƙasar Katsina aka ɗauke shi. Ya ce umarni ne ya sauko daga sama zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, cewa kowane gari ya ba da samari saboda yaƙin Hitila. Wansa aka nuna, ga shi bai fi wata biyu da aure ba, sai mahaifinsu ya dubi kakana, shi kuma ya gane ba sai an faɗa ba. Aka kai su Zariya aka aske musu kai, aka koya musu fareti, aka ba kowa lamba. Wannan lamba har ya bar duniya bai manta ta ba, ko a shekarar da sunayen jikokinsa suka fara rikice masa. Daga nan jirgin ƙasa ya kawo su Legas, jirgin ruwa ya kwashe su a 1944. Da Hausa ake ba da umarni a rundunar, har hafsoshin Turawa sai da suka koyi abin da za su iya, domin ita ce harshen barikin sojan Najeriya a wancan zamani.

Akwai wani wuri a tafiyar da duk lokacin da ya zo kansa sai muryarsa ta sauya. Jirginsu ya ratsa mashigin Suwes ya shiga Bahar Maliya. Wani malami da ke cikinsu ya ce musu ƙasar Hijaz ce ke hannun hagunsu, Makka tana bayan waɗancan duwatsu. Ya ce duk Musulmin da ke jirgin suka taru a gefe ɗaya suna kallon gaɓar da ba za su sauka ba, wasu na kuka, wasu na ɗaga hannu. "Amarya," in ji shi, "a garinmu mutum kan yi shekara bakwai a ƙafa kafin ya ga wannan wuri. Ni an kawo ni kyauta, an wuce da ni zuwa inda za a kashe mutane." Bai samu zuwa aikin Hajji ba har ya rasu.

Sai da muka kai kaset na huɗu na gane dalilin da ya sa ba ya son mahaifina ya zauna. Ya sa na jawo masa wani tsohon gwangwani daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai lambar yabo mai siffar tauraro da ake bai wa waɗanda suka yi yaƙin Burma, da wani ƙyalle da ya koɗe mai zanen masu biyu a gicciye bisa wani zagaye. Ya ce in duba zagayen da kyau in faɗa masa ko mene ne. Na kasa. Ya ce, "Gammo ne." Tambarin runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma ke nan, masu biyu a kan gammon ɗan dako. 'Yar'uwarta, runduna ta 81, tambarinta gizo ne baƙi. Wajen sojoji 90,000 daga Afirka ta Yamma aka kai wancan fagen, kimanin rabinsu 'yan Najeriya, kuma da yawa daga cikinsu aikinsu ɗaukar kaya a ka. Kakana yana cikin waɗannan.

Kurmin Arakan da ke Burma ba shi da hanyar mota, wani wurin ko alfadari ba ya iya hawa. Jirgin sama ne ke jefo kaya da laima, 'yan dako su tsinto, su raba, su ɗora a ka. Akwatin harsashi, buhun shinkafa, sassan igwa, na'urar oba-oba, da mutumin da aka harba in ba ya iya tafiya. Adda ce a hannunsa, da ita yake sare gora yana buɗe hanya. Ya ba ni labarin matsattsaku da ke shiga ta ramin igiyar takalmi su sha jini sai sun ƙoshi su faɗi da kansu, da ruwan sama da ke kwana bakwai bai ɗauke ba, da atini da zazzaɓi waɗanda ya ce sun fi Jafanawan da suke yaƙa ɗibar abokansa. Ya ce mutumin da ke riƙe da bindiga in an buɗe wuta zai kwanta ya rama, amma mai akwatin harsashi a ka sai dai ya durƙusa a hankali, domin in ya yar da kayan an rasa abin harbi, in harsashi ya samu akwatin kuma an rasa shi da na kusa da shi.

Da ya dawo a 1946, samarin da suka riƙe bindiga su ne masu labari a dandali. Shi kuwa wani ya taɓa kiransa ɗan dakon Bature a gaban jama'a, maganar ta zauna masa a zuciya fiye da shekara hamsin. Wannan na cikin abin da ya hana shi zama a gida. Ya dawo Legas ya yi gadi, ya tara ɗan jari, ya shiga harkar goro a Agege, inda Hausawa suka daɗe suna lodin huhuna a jirgin ƙasa zuwa Arewa. Bai so ɗansa ya san cewa bai taɓa harba bindiga a fagen fama ba. Na tuna na ce masa, "Baba Tsoho, ai bindiga ba ta tafiya da ƙafarta." Ya yi dariya har da tari, ya ce amaryarsa ta fi samarin garinsu hankali.

Wata rana na raka shi Obalende gaishe da wani abokinsa. Da danfo ta sauke mu na nuna masa hanyar barikin Dodan, inda shugabannin mulkin soja suka zauna har aka koma Abuja a 1991. Tun ina yarinya na ɗauka daga dodo aka samo sunan, saboda tsoron da ake yi wa wurin. Ya tsaya ya dafa sandarsa ya ce, "Dodan gari ne a Bama." Daga nan ya shiga jero mini su: Myohaung da An a Yaba, Tamandu da Arakan a Apapa, Letmauk a Ibadan, Dalet a Kaduna. Duk sunayen wuraren da rundunarsu ta ratsa ne. A Myohaung rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe garin a Janairun 1945. Miliyoyin mutane na wucewa ta gaban waɗannan alluna kullum a Legas, kwandasta na kiran sunayensu, ga kuma wani tsoho mai goro da ya san kalar ƙasar wuraren na ainihi yana tsaye a bakin titi ba wanda ya kula shi. Har gobe rundunar sojan Najeriya da ke Legas lambarta 81, ta Enugu kuma 82.

Ya rasu a 2006, shekara guda bayan aurena. Kaset ɗin nan tara na tafi da su cikin kayan ɗakina, na zuba su a wata jaka na tura ƙarƙashin gado. Kullum ina cewa zan rubuta abin da ke ciki, zan kai a kwafe mini su. Haihuwa ta zo, aikin koyarwa ya zo, rikodar ma ta lalace ban gyara ba. Ranar 10 ga Yulin 2011 aka yi ruwan da duk mazaunin Legas na lokacin ke tunawa, tun safe har dare. Ruwa ya shigo ɗakinmu ya kai gwiwa. Na ceci yara, na ceci takardun makaranta, na ɗora buhun abinci a kan tebur. Jakar ba ta faɗo mini a rai ba sai bayan kwana uku, da wari ya tashi. Bakwai daga ciki laka ta shige su, zaren ya manne ya zama dunƙule. Biyu da ke sama, waɗanda na taɓa naɗewa a leda, su ne suka yi saura.

Ba na ɗora wa ruwa laifi. Shekara biyar abin nan yana hannuna bayan rasuwarsa, kuma ya amince da ni a kan abin da ya ɓoye wa ɗan cikinsa. Na yi kuka a ranar fiye da yadda na yi ranar jana'izarsa, domin a ranar jana'iza ina da sauran muryarsa. Daga nan na ɗauki biyun na ɓoye a saman durowa, na kasa ko duban inda suke har tsawon shekara shida.

Abin da ya tashe ni labari ne a rediyo. A 2017 aka shiga ba da rahoton Musulmin Rohingya da ake kora daga jihar Rakhine ta Myanmar, sama da 700,000 suka tsallaka Bangladesh. Mai rahoton ya ce tsohon sunan yankin Arakan. Na ajiye wankin da nake yi. Baba Tsoho ya gaya mini cewa sun tarar da Musulmi a can, wani dattijo mai farin gemu ya yi masa sallama, ya amsa, suka tsaya suna kallon juna ba mai jin yaren wani, sai dattijon ya fara karanta Fatiha shi kuma ya kama masa. Ashe wurin da ya ɗauki kaya a ka bai zama tarihi ba, mutane na nan a cikinsa suna shan wuya. A makon na ɗauki kaset biyun na nufi kasuwar kwamfuta ta Ikeja.

Shago uku suka ce ba sa wannan aikin. A na huɗu na samu wani dattijon Bayarabe mai gyaran tsoffin rediyo. Ya kwance ƙusoshin kaset ɗin, ya ciro zaren da hantsaki, ya goge fumfunar da auduga taƙi-taƙi, ya mayar da shi cikin sabon gida, inda ya tsinke ya liƙe. Ya sa a wata na'ura da ya jona da kwamfuta, ya miƙo mini abin sa wa kunne. Da farko sai shuuu kawai. Can sai tari, irin tarinsa mai fita sau biyu. Sai ƙahon jirgin ƙasa daga nesa, da kukan akuyar maƙwabta, sannan muryar wata yarinya tana cewa, "Baba Tsoho, ya fara ɗauka." Na rufe fuska da mayafi a tsakiyar shagon. Mutumin bai ce komai ba, ya jawo mini kujera ya ci gaba da aikinsa. Daga cikin awa goma sha uku da rabi, abin da aka ceto bai cika awa biyu ba.

Na daɗe ina shawara da zuciyata kafin in kunna wa mahaifina, saboda sharaɗin da aka kafa mini. Na je wurin wani malaminmu na faɗa masa komai. Ya ce marigayin kunya ce ta sa shi ɓoyewa, ba aibi ba, kuma ɗa yana da haƙƙin ya san alherin mahaifinsa don ya ƙara masa addu'a. Labarin gammo yana cikin abin da ya tsira. Mahaifina ya saurara har ƙarshe kansa a sunkuye. Da ya ɗago sai ya ce, "Shi ya sa tsakiyar kansa ba gashi tun ina yaro. Na tambaye shi ya ce gado ne." Ya ce in sake kunnawa daga farko.

Akwai wani aboki da ya ambata, wanda suka fito daga gunduma ɗaya, ciwon ciki ya kashe shi a kurmi suka binne shi a gindin gora suka wuce. Na shiga shafin intanet na hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ina neman sa. A maƙabartar Taukkyan da ke kusa da Yangon akwai bango mai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Matsalar ita ce yadda aka rubuta namu: sunan yanka, sai sunan gari a matsayin sunan uba. Na tarar da mutane da dama masu suna iri ɗaya da na abokin nan. Lambar soja ce kaɗai za ta raba su, kuma na tuna sarai Baba Tsoho ya faɗe ta, domin ya haddace ta tare da tasa. Tana cikin kaset ɗin da laka ta ci. A Afrilun 2021 wannan hukuma da kanta ta amince cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. In waɗanda ke da ofis da kuɗi sun bar namu a haka, to wa muke jira?

Tun daga nan nake bin tsoffin sojoji da wayata. Na Burma kusan duk sun tafi. Waɗanda suka rage su ne na yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, da na ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da suka sauka Monrobiya a 1990, daga baya aka tura su Saliyo. Ba wahalar samu gare su a Legas ba. Suna gadi a ƙofofin gidaje a Ikeja, suna zaune a bakin masallaci a Idi-Araba, wasu na sayar da albasa a Mile 12. Ƙanena ke raka ni, ko mijina in yana da hutu. Nakan kai goro da ɗan abin shayi, kuma ziyarar farko ba na fito da waya sam. Nakan fara da tambayar garinsu da sunan mahaifiyarsu da abin da suke ci a fagen daga. Tsohon soja in ka tambaye shi mutum nawa ya kashe ka rufe bakinsa ke nan. In ka tambaye shi yadda suke dafa garin rogo a hular kwano, zai kai ka har inda ba ka zata ba.

Na sake yin asara sau ɗaya, kuma ita ta koya mini tsari. Wani yaro ya fizge wayata ta tagar mota a cunkoso, da hirarraki uku a ciki da ban kwafe ba. Biyu na koma na sake. Na ukun, wani tsohon saje mai ciwon suga, na tarar an yi sadakar bakwai ɗinsa. Yanzu ba na kwanciya sai hirar ranar ta shiga wuri uku: Google Drive, wanda ke ba da gigabayit 15 kyauta, da wani ƙaramin ma'ajin sauti da nake aika wa yayana a Kano, sannan in mai labarin ya yarda in ɗora a Internet Archive, rumbun da aka kafa a Amurka tun 1996 don adana irin wannan, wanda kowa ke iya saurara ba da ko kwabo ba. WhatsApp hanya ce ta aikawa, ba rumbu ba ne, Facebook kuma yau ka ɗora gobe ya nutse ƙarƙashin hotunan biki. Kowace hira nakan rubuta ta da Hausa kalma bayan kalma, in sa gari da shekara da runduna. Wannan ya fi komai cin lokaci, minti goma na magana kan ci mini awa guda. Amma jikan da zai zo neman kakansa nan da shekara talatin rubutu zai buga a waya, kuma in babu rubutun muryar na nan kwance ba zai same ta ba.

Ba na gyara wa kowa magana. In ya yi Sakkwatanci haka zan rubuta, in ya cakuɗa da Yarabanci ko turancin bariki haka zan bari. In ya rikita shekara, nakan sa daidai a ƙasa, ban taɓa muryarsa. Kuma ba na yanka hira in ɗora mata kiɗa don a yi ta yaɗawa. Na ga masu yin haka, suna ciro minti ɗaya da tsoho ya fashe da kuka su watsa, su zubar da awa biyun da ta kai shi ga kukan. Wannan cin amana ne.

Wani dattijo da ya yi yaƙin basasa a runduna ta biyu ya ba ni labarin yunƙurin tsallaka kogin Neja zuwa Onica a Oktoban 1967, da kwanton ɓaunar Abagana a Maris 1968, inda tankar mai ta kama wuta ta cinye jerin motocinsu. Bayan hannunsa duk tabon ƙuna ne. Muna cikin magana ya ce, "'Yata, kashe wayar nan." Na kashe, na kifa ta a gabansa ya gani. Ya yi minti ashirin yana faɗa mini wani abu da ya gani da idonsa, wanda ya ce ko matarsa bai taɓa gaya wa ba. Bayan wata biyu ya aiko jikansa ya kira ni. Ya ce ya yi istihara, yana so a ɗauka, domin waɗanda abin ya faɗa wa su ma 'ya'yan wasu ne, amma kada ya fita sai bayan ransa. Yana nan a ajiye, ban ɗora ba, kuma ko mijina bai ji shi ba. Na kuma ɗauki wani Inyamuri mai sayar da kayan mota, haifaffen Sabon Garin Kano, wanda ya gudu a 1966 ya yi yaƙi a ɓangaren Biyafara yana ɗan shekara 16. Da Hausa ya yi hirar, Kananci tsantsa, ya ce akwai abubuwan da bakinsa ya fi iya faɗa da ita.

Mata ma ina ɗaukarsu, domin na yi nadamar rashin tambayar kakata yadda ta kwana shekara da shekaru kusa da mutumin da ke zabura cikin dare yana lalube kansa yana neman kaya. Wata gwauruwa da mijinta bai dawo daga Laberiya ba ta karanta mini wasiƙarsa ta ƙarshe. Babu maganar yaƙi ko ɗaya a ciki. Yana tambaya ko an yi wa yaron kaciya, yana cewa kada a sayar da keken ɗinki.

Duk ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni, a busa bigila, a saki fararen tantabaru don tunawa da mazan jiya. Ina kallo a talabijin, kuma ina girmama abin. Sai dai a ranar ni nakan tara yarana in kunna musu kakan mahaifiyarsu, su ji yadda yake furta Myohaung da bakin Bakatsine.

Kaset na biyu cikin waɗanda suka tsira na ɗora shi yadda yake, har da wuraren da sautin ke nutsewa ya dawo. A mintocin ƙarshe yana ba da labarin ranar da jirgin ruwa ya dawo da su, yadda suka hango gaɓar Legas da asuba, wani ya fara kabbara sauran suka amsa. Ana jin ladanin masallacin layinmu ya fara kiran magariba a bayansa. Sai ya ce, "Amarya, zaren nan ya kusa ƙarewa ko? To sa wani, in gaya miki abin da na tarar a gida, da yadda uwata ta…" Nan kaset ɗin ya tsaya.